Jaririn Sanobar

Gurasa sittin Sanobar ta cire daga tanderu a safiyar nan. Ta jera su tun da zafinsu a cikin tsohon keken jarirai, keken ƙarfe mai manyan tayoyi wanda ta reni 'ya'yanta uku da shi, ta shimfiɗa musu farin ƙyalle, ta ɗora bargo mai zanen zomaye, sannan ta jawo rumfar keken ta rufe ruf. Guda biyu ta ware ta saka a leda ta rataya a hannun keken, domin duk wanda ya ji ƙamshi ya ga inda ƙamshin yake fitowa.

Ba yau ta fara wannan dabara ba. Tun da maƙwabcinta mai ƙaramar mota ya tafi Rasha neman aiki, a bas take kai gurasar gidan shayin Hikmat da ke bayan kasuwa. Ranar farko ta shiga da kayanta a buɗe, direba ya ce mata filin da ke gaban ƙofar tsakiya na masu keken guragu ne da masu jarirai, ba na 'yan tireda ba, ya sauke ta a tasha ta gaba. Washegari ta ɗauko bargon jikanta. Daga ranar babu wanda ya sake ce mata uffan. Har matsa mata ake yi, ana rage murya. Wata biyu ke nan.

Sai dai dusar ƙanƙarar da ta sauko a makon nan ta jagula zirga-zirgar Tashkent, sau biyu tana makara. Jiya Hikmat ya tsaya a bakin ƙofar kicin, ya kira ta da “opa”, wato yaya, ya ce mata, “Sanobar-opa, gurasarki ba ta da ta biyu, ni na sani. Amma masu cin shinkafar safe ba sa jira. Bakwai da rabi. In kika sake wucewa, akwai wani mai tanderu da yake ta yi mini zarya.” Tun rasuwar mijinta, wannan gidan shayin ne yake riƙe da ita.

Yau ta samu bas ɗin bakwai saura kwata. Maza biyu suka kama mata keken suka haye da shi, ɗayan har yana cewa a yi a hankali. Ta tura shi cikin filin, ƙarƙashin shuɗin allon nan mai hoton mutum a kan keke, ta take birki, ta tsaya ta tare shi da jikinta. Motar a cike take maƙil, tagogi sun yi raɓa, ana jin warin jiƙaƙƙun riguna.

Wata dattijuwa mai jiki, da ƙatuwar hular gashi da haƙoran gwal, tana zaune a kujerar da ke fuskantar filin. Tun shigowar Sanobar take leƙen keken tana murmushi.

“Namiji ko mace?”

“Namiji, hola,” in ji Sanobar, ta kira ta da “hola”, wato inna, tana kallon taga.

“Jika?”

“Jika.”

“Wata nawa?”

“Huɗu.”

“Kai, Allah ya raya. Ni Mastura, jikokina goma sha ɗaya, babu ɗaya da ya taɓa barci haka a mota. Ya sunansa?”

Sanobar ta buɗe baki, sunan da ya fito shi ne na marigayi mijinta. “Hotam.” Tana faɗa ta yi istigfari a zuci, ta duba agogon da ke saman kan direba. Bakwai da minti biyu. Saura tasha biyar.

A tasha ta gaba bas ya tsaya, ƙofar tsakiya ta buɗe, sanyi ya buso. Mutum uku suka sauka. Bayansu sai ga wata mata a keken guragu daf da bakin titi, ba za ta wuce shekara talatin ba, da jan kallabi, da jakar littattafai a cinyarta. Dusar ƙanƙara ta taru a kafaɗunta da kan gwiwoyinta. Ta ɗaga murya ba tare da ta kalli kowa ba, ta kira direba da “aka”, wato babban wa.

“Direba-aka, a sauke mini gadar hawan keke.”

Direban, wani siriri mai furfura a gashin baki, ya leƙa madubi. “Babu wuri, ƙanwata. Akwai keken jariri. Ki jira na baya.”

“Na baya na jira. Da na bayansa. Kai ne na huɗu.”

“To ya zan yi? Na biyar yana tafe.”

Ya danna maɓalli, ƙofa ta fara rufewa. Matar ta tura kekenta gaba da hannu ɗaya, ta miƙa ɗayan ta damƙi ƙarfen riƙo da ke cikin ƙofar. Ƙofa ta bugi damtsenta ta koma ta buɗe. Direba ya sake dannawa, ta sake bugunta, ta sake buɗewa.

“Ke! Kina da hankali kuwa?” Ya ja birkin hannu ya taso, yana kutsawa cikin mutane. “Cire hannunki!”

“Ba zan cire ba. Sunana Zebo, malamar lissafi ce ni, ka rubuta in kana so. Minti arba'in ina nan. Ƙafafuna ba sa jin sanyi, shi ya sa ba na sanin lokacin da suke daskarewa. Karanta allon da ke bayanka. Wurin nan nawa ne kafin na kowa.”

Babu wanda ya juya ya kalli allon. Kowa ya san abin da aka rubuta. Sanobar ta ji zufa ta karyo mata a ƙarƙashin kallabi duk da iskar da ke shigowa. Ta ƙara matsawa jikin keken, ta dafa rumfarsa.

Zebo ta ɗago kai, idonta ya sauka a kanta. Muryarta ta ɗan yi laushi. “Opa, ba da ke nake faɗa ba. Ki ɗauki yaron a hannu, wani ya ba ki kujera, a naɗe keken a jingine. Minti ɗaya ne.”

“Ba ya naɗuwa,” in ji Sanobar. Wannan kam gaskiya ce.

“To a ɗaga shi a kai baya, tsakanin kujeru. Maza nawa ne a motar nan?”

Wata budurwa mai tabarau ta miƙe daga kujerarta. “Hola, zo ki zauna nan da yaron.”

Kafin Sanobar ta sami abin cewa, Mastura ta karɓe zancen, ta buga tafin hannu a cinya. “A tashe shi? Jaririn wata huɗu, a wannan sanyin, ƙofa a wangale? Ke 'yar nan, ba ki da tausayi ne? Ke babba ce, kin san haƙuri. Shi me ya sani?”

“Hola, haƙurin nawa ya kai mota uku.”

“Sai ki ƙara ta huɗu! In ya kamu da ciwon haƙarƙari ke za ki kwana da shi a asibiti? Ba ki haihu ba, shi ya sa.”

Fuskar Zebo ta canja, amma ba ta saki ƙarfen ba. “Yara talatin da biyu suna jirana a aji. Shugabar makaranta ta ɗauke ni da sharaɗin ba zan riƙa makara ba, ta ce masu irin lalurata su ne kullum da uzuri. Ba zan ba ta wannan uzurin yau ba.”

Maganar ta daki Sanobar a ƙirji. Ta duba agogo. Bakwai da minti tara. Idan motar ta tashi yanzu, za ta isa da sauran minti uku ko huɗu. Ba sai ta yi komai ba. Shiru kawai za ta yi, mutanen nan su gama mata aikin. Ta sunkuyar da kai ta shiga jijjiga keken a hankali, kamar yadda uwa take yi, tana jin kunyar hannunta da yake jijjigawar.

Motar ta fara ɗaukar zafi. Daga baya wani ya ce a tafi mana. Wata ta ce ai mai keken ce da gaskiya, wani ya ce gaskiyarta ta kai ta aiki, mu tamu ta kai mu ina? Wani tsoho ya ce a zamaninsu ba a yin haka, aka tambaye shi ba a yin me, bai amsa ba. Wayar direba ta yi ƙara a aljihunsa, ya duba, ya yi tsaki.

“Kun gani? Ofis ne. Suna ganin motar a tsaye.” Ya juyo wajen Sanobar, ya sassauta murya. “Opa, don Allah, ko za ki ɗauke shi ɗin? In kai keken baya da kaina.”

“Barci yake,” in ji ta. “Bai… bai ji daɗi ba jiya. Zazzaɓi.”

“Kun ji ko!” Mastura ta juya tana duban jama'a kamar wadda ta ci shari'a. “Zazzaɓi! Yaro ba lafiya, ana so a fito da shi cikin iska.” Sai kuma ta yunƙuro daga kujera, ta miƙo hannu wajen rumfar. “Bari in taɓa goshinsa. Kin lulluɓe shi da yawa, 'yata, mai zazzaɓi ba a rufe masa fuska haka. Ko motsi ban ga ya yi ba tun ɗazu.”

Sanobar ta cafke wuyan hannunta. Da ƙarfi ta cafke, ƙarfin hannun da ya saba da kwaɓin fulawa, har dattijuwar ta ce wash.

“Kada ki taɓa.”

Mastura ta zuba mata ido, baki a buɗe. Budurwa mai tabarau ma ta dube ta, ta dubi keken. Sanobar ta saki hannun, ta ce, “Yi haƙuri, hola. In ya tashi ba ya komawa.”

A daidai nan wani ƙaƙƙarfan mutum mai rigar fata, wanda tun ɗazu yake huci a bakin ƙofa, ya ture na gabansa ya diro ƙasa.

“Bakwai da rabi ake rufe mana get a masana'anta,” in ji shi. “Mutum hamsin ba za su rasa aikin yini saboda mace ɗaya ba. Malama, saki ƙarfen nan da girma da arziki.”

“Kada ka taɓa mini keke.”

“Saki na ce.”

“Aka, keken nan jikina ne. Ka taɓa shi, ni ka taɓa.”

Ya zagaya bayanta ya kama hannuwan keken. “Direba, koma mazauninka. Da na janye ta ka rufe.”

Direban ya tsaya jim, ya dubi matar, ya dubi wayarsa da ta sake ɗaukar ƙara. Ya juya ya kutsa gaba.

Mutumin ya ja. Zebo ta ƙanƙame ƙarfen, safar hannunta tana zamewa, ta zura hannun har gwiwa ta maƙale shi. Ya sake ja da ƙarfi. Ƙasan duk ƙanƙara ce mai santsi. Tayoyin baya suka zame gefe, ƙaramar tayar gaba ta faɗa ramin da ke tsakanin dakalin tasha da jikin mota, keken ya karkace. Jakar littattafan ta zube. Jikin Zebo ya tafi gefe guda, hannunta yana can maƙale a ƙofa, ya murɗe. Ta yi wata ƙara gajeriya, ta cije leɓe.

“Ya isa! Za ka karya ta!” in ji budurwa mai tabarau.

Daga gaba direba bai ga komai ba sai kawunan mutane. Ya ji an ce ya isa, ya ɗauka an janye ta. Ƙofa ta yi huci ta taho, ta matse hannun, wannan karon a wuyan hannu inda ya fi siranta, ba ta koma ba. Injin ya yi gurnani. Motar ta motsa, tayar keken ta goga da jikinta tana ƙara.

“Tsaya!” Sanobar ba ta san ita ta yi wannan ihun ba sai da ta ji maƙogwaronta yana zafi. “Tsaya! Tsaya, hannunta!”

Mutane suka ɗauka, ana dukan gilashi, ana dukan rufi. Direba ya taka birki, kowa ya yi gaba ya dawo. Ƙofa ta buɗe. Hannun Zebo ya sulale ya faɗa kan cinyarta. Mai rigar fata ya tallafe keken da gwiwarsa kada ya kife, fuskarsa ta yi fari fat.

“Ba ni na ce ta riƙe ba,” yake ta faɗi. “Kowa ya gani. Saboda yaron nan ne, yaro mara lafiya…”

“Babu yaro,” in ji Sanobar.

Hayaniya ta hana a ji ta. Mastura ce kaɗai ta juyo. Sanobar ta tura rumfar keken baya, ta fizge bargon, ta yaye farin ƙyallen. Tururi ya tashi. Ga gurasa nan jere, jajaye, da riɗi a tsakiyarsu, ƙamshinsu ya cika motar.

Hayaniyar ta yanke. Ana jin ƙarar abin goge gilashi yana kai da komo.

“Hotam,” in ji Mastura a hankali. “Wata huɗu. Zazzaɓi.” Sai muryar ta fashe. “Kin sa na zagi baiwar Allah saboda gurasa! Kin sa na ce mata ba ta haihu ba! Ke wace irin mace ce? Da furfurarki!”

Nan fa bakuna suka buɗe. Waɗanda ɗazu suke cewa a tafi su ne suka fi kowa ɗaga murya. Maƙaryaciya. Mara kunya. A kira 'yan sanda. Direba ya iso yana haki, ya ga abin da ke cikin keken, ya dafe kai da hannu biyu.

“Ni na san fuskar nan,” in ji shi. “Kullum ina rage gudu a kan kwana saboda ke. Sauka. Sauka mini daga mota!”

Sanobar ta saki birkin keken ta juya shi wajen ƙofa. Babu wanda ya miƙo hannu. Ta sauka da baya tana jan shi, tayoyin baya suka dira, na gaba suka biyo da nauyi, ƙafarta ta zame a kan ƙanƙarar. Ta faɗi a kan gwiwa ɗaya, keken ya kwanta a gefensa. Gurasa suka watse. Wasu suka gangara ƙarƙashin mota, wasu suka kife a cikin dusar da ƙafafu suka tattake ta zama caɓi.

Zagin ya tsaya cak. Tsohon nan ne ya fara saukowa, yana cewa subhanallahi, ya tsugunna da ƙyar ya ɗauki ɗaya, ya karkaɗe, ya sumbace ta ya kai goshi. Wasu suka biyo shi. Ba a barin gurasa a ƙasa, ba a barinta a kife, kowa da haka aka tashe shi. Har mai rigar fata ya saki keken Zebo ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin mota ya jawo guda biyu, ya hure su, ya sumbata.

Zebo tana kallonsu, ta rungume hannunta a ƙirji. Littattafan ɗalibanta suna nan a warwatse cikin caɓi, an tattaka wasu.

“Gurasa dai kun san darajarta,” in ji ta.

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma kowa ya ji. Mai rigar fata ya tsaya da gurasa a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa. Budurwa mai tabarau ta sauko ta shiga tsince littattafan tana goge su da gefen rigarta.

Direba ya sunkuya zai ɗaga gadar ƙarfen da ke ƙasan ƙofa, ya tarar ƙanƙara ta like ta. Ya yi ta dukanta da dunduniya, ya koma ya ɗauko sukundireba ya ɓanɓare, sannan ta ɗago ya shimfiɗa ta zuwa dakali. “Ƙanwata, asibiti zan kai ki,” in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. “Wallahi ban gani ba.”

“Makaranta za ka kai ni. Asibiti bayan an tashi.” Ta gwada tura tayar da hannun da ya murɗe, ta runtse ido, ta fasa. Budurwar ta tambaye ta ko ta tura ta, ta gyaɗa kai.

Sanobar ta miƙe tana ɗingishi, ta matso. “Ki yafe mini, ƙanwata.”

Zebo ta dube ta sama da ƙasa. “Da bakinki kika ce zazzaɓi yake yi, opa. Ina kallonki kina jijjiga shi.” Ta juya kai. “Ba yau ba. Hannuna yana ciwo.”

Aka tura ta ciki, aka juya keken ya jingina a ƙarƙashin allon. Mutane suka zuba gurasar da suka tsinta a keken Sanobar ba tare da sun dube ta ba, suka koma mota. Mai rigar fata bai hau ba, ya sa hannu a aljihu ya bi titi da ƙafa. Ƙofa ta rufe. Ta taga Sanobar ta hango Mastura ta sunkuya tana yi wa Zebo magana, Zebo tana kallon gabanta.

Tasha huɗu ta tura keken a ƙafa, gwiwarta tana zugi, taya ɗaya ta lanƙwashe tana ja gefe. Takwas da kwata ta isa. Tun daga ƙofa ta ga gurasar wani a kan teburan, farare, masu kauri. Hikmat ya fito yana goge hannu da tawul, ya dubi caɓin da ke jikin rigarta.

“Faɗuwa kika yi, opa?”

Da ta ce masa motar ce ta lalace, da wataƙila ya saurara. Sai ta ba shi labarin yadda ya faru, tun daga bargon. Ya saurara yana murza tawul.

“Wannan tsakaninki da Allah ne,” in ji shi daga ƙarshe. “Ni dai na riga na yi magana da mutumin. Shiga ki sha shayi, ki wanke ƙafar nan.”

Ba ta shiga ba. Ta zauna a bakin kasuwa ta sayar da waɗanda ba su taɓa ƙasa ba, sauran ta ɗaure a ƙyalle don gida. Duk wanda ya miƙo hannu karɓar gurasa, wuyan hannunsa take kallo. Ba ta san ko ƙashin ya karye ba. Ba ta san sunan makarantar ba. Abin da ta sani kawai tashar.

Da la'asar ta koma can ta zauna a kan bencin ƙarfe. Bas shida suka wuce, ƙafafunta suka mutu da sanyi. A na bakwai aka sauke gada, wata mata mai kama da malamar makaranta ta turo Zebo ƙasa, ta yi mata sallama da sauri ta koma ciki. Hannun Zebo na dama yana cikin farin filasta tun daga yatsu har kusa da gwiwar hannu. Ta sa hannun hagu ta tura taya, keken ya juya a wuri ɗaya. Ta sake gwadawa, ya sake juyawa. Ta tsaya tana numfashi.

Sanobar ta taso ta tsaya a inda za ta gan ta, ba ta taɓa keken ba.

“Ke ce,” in ji Zebo.

“Ni ce. Ya karye?”

“Ya tsage. Sati huɗu.” Ta dubi hanyar da ta miƙe tsakanin dogayen gidaje, duk ƙanƙara. “Me kika zo yi? In yafiya ce, na ce miki ba yau ba.”

“Ban zo don ita ba. Wa zai kai ki gida?”

“Mahaifiyata tana sama, hawa na ɗaya. Shekararta saba'in, ba ta iya sauko da kanta ma.”

“Da safe fa?”

Zebo ta kawar da kai.

“Ni yanzu ba ni da inda zan je da safe,” in ji Sanobar. “An sallame ni. In kin yarda, in zo in kai ki har ƙofar aji, in dawo in ɗauke ki. Har a cire wannan.”

“Don ki ji sanyi a ranki.”

“Wataƙila. Amma hannun naki ba zai tura ba ko na ji ko ban ji ba.”

Zebo ta daɗe tana kallon filastar. Iska tana kaɗa bakin jan kallabinta. “Ba don na huce ba,” in ji ta. “Don ba ni da wani ne. Kuma ba na son surutu a hanya.”

“To.”

“Kama. Gini na uku, mai koren ƙofa. In kin zo dakali ki juya ni da baya, kada ki tura ni gaba in kife.”

Washegari bakwai saura ashirin suna tasha. An yi sabuwar dusa cikin dare, hannuwan Sanobar sun yi ja saboda turi. Ba su yi magana ba tun daga gida, ban da inda Zebo ta ce hagu, ko a hankali. Can sai ga fitilun bas sun ɓullo daga kwana, tagoginsa cike da kawuna.

“Je ki ƙofar gaba, inda zai ga fuskarki,” in ji Zebo. “Ki ce ya sauke gada. In ya ce babu wuri, ki ce ya zo ya faɗa mini da kansa. Kuma kada ki roƙe shi, opa. Faɗa masa za ki yi.”

Sanobar ta take birkin keken, ta gyara kallabinta, ta taka zuwa bakin titi ta ɗaga hannu.